Me ke sa zane ɗaya ya kai dala miliyan 450?

Duk lokacin da labarin gwanjon wani zane ya karaɗe Facebook, sai ka ji ana cewa ai halasta kuɗin haram ne kawai, in ba haka ba wa zai zuba dukiya a kan fenti da katako? Akwai masu fakewa da wannan kasuwa, ba musu. Amma hakan bai bayyana dalilin da farashi ke tashi ko faɗuwa ba.

Ga zanen Salvator Mundi. A 1958 an sayar da shi fam 45 a Landan, don ana zaton wani mabiyin Leonardo da Vinci ne ya yi shi. A 2005 wasu dillalai suka saye shi a New Orleans kan dala 1,175. Aka kankare fentin da wasu suka lafta masa daga baya, masana suka duba, gidan zane na National Gallery ya baje shi a 2011 da sunan Leonardo kansa. A Nuwamban 2017 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da shi dala miliyan 450 da ɗoriya. Allon dai shi ne na da, sunan mai zanen ne aka sauya. Zanukan Leonardo da suka rage ba su kai 20 ba, kusan duka suna gidajen tarihi, ba na sayarwa ba ne. Har gobe wasu masana na ja da cewa hannunsa ne.

Sunan ma sai da shaida, kamar fili ne a gari: komai kyawunsa, in ba takarda, ba wanda ya san hannun da ya bi, mai hankali ba zai taya ba. Gidan sayar da zane na Knoedler a New York ya rufe a 2011 bayan an gano ya sayar da zanukan jabu da sunan masu zane Rothko da Pollock. Waɗanda suka biya miliyoyi sun wayi gari riƙe da abin ado.

Mu ma abin ya shafe mu. Zanen Tutu na mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu, wanda aka tsinta a wani gida a Landan, ya kai fam miliyan 1.2 a gidan gwanjo na Bonhams a 2018. Nan kuwa sau nawa ka ga tsohon zane rataye a ofishin gwamnati, rana na dukansa, gara na cin firam, ba rajistar da ke nuna wanda ya zana shi ko shekarar da aka saye shi? Ranar da ya ɓace, ba ma wanda zai iya rantsuwa cewa ya taɓa zama na gwamnati.