Tafiya Kallon Kofin Afirka: Daga Ina Shiri Ke Farawa?

Yau magana ce ta ƙwallo, amma ba ta wa ya ci wa ba. Tun da aka kammala gasar cin Kofin Afirka a Maroko a watan Janairun 2026, inda Super Eagles suka zo na uku, a gidajen kallo na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi za ka ji samari na cewa, "Wallahi ta gaba da ni za a yi." Ta gaban ita ce ta 2027, kuma ƙasashe uku ne za su karɓi baƙuncinta: Kenya, Tanzaniya da Yuganda. Buri ne mai kyau. Sai dai mafi yawanmu tikitin shiga fili muke fara tambaya, alhali shi ne abu na ƙarshe. Tafiya irin wannan daga takardu take farawa.

Na farko, fasfo. Hukumar Shige da Fice ce kaɗai ke bayar da shi, kuma tana da ofis a Gusau. Tun 1 ga Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. A shafin hukumar na intanet ake cike fom a biya, sannan ka je da kanka a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Abin da ke kayar da mutane shi ne NIN. Idan a NIN kana Muhammad, a wata takarda kana Mamman, ko ranar haihuwa ta saɓa, aiki ya tsaya cak sai an gyara, gyaran kuma kan ci lokaci. Wanda yake da fasfo tuni ya duba: ya kamata ya rage aƙalla wata shida kafin ya mutu a ranar da zai shiga ƙasar.

Na biyu, katin rigakafin zazzaɓin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Jami'an lafiya na tashoshin jirgi ne ke bayar da shi. Allurar sau ɗaya ce a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta. Kenan ba abin da za ka bari sai jajibirin tafiya ba ne.

Na uku, biza, kuma a nan ne 2027 ta bambanta. Lokacin da aka yi gasar a Kwaddibuwa a farkon 2024, wadda muka sha kashi da ci 2-1 a wasan ƙarshe a Abidjan, ɗan Najeriya bai buƙaci biza ba saboda duk ECOWAS ce. Gabashin Afirka ba haka ba ne, kowace ƙasa da ƙa'idarta. Kenya ta sassauta wa 'yan Afirka shiga a 2025. Yuganda ta intanet ake neman bizarta. Tanzaniya kuwa ta sa Najeriya cikin ƙasashen da sai an tantance mutum an amince kafin ya taso, wannan kuma yakan ɗauki makonni. Akwai bizar yawon buɗe ido ta Gabashin Afirka ta dala 100, amma ku lura, Kenya da Yuganda da Ruwanda ta ƙunsa, babu Tanzaniya a ciki. A Katar a 2022 an yi amfani da katin Hayya, a Maroko kuma manhajar Yalla, domin tantance 'yan kallo. Saboda haka a saurari sanarwar CAF kan tsarin da za ta fitar, kada a saurari ta majalisar shayi.

Me ya sa nake jan hankali a kan ƙasashe ukun? Saboda ƙungiya ba ta zama gari ɗaya. A Maroko, Super Eagles sun fara a Fez, suka je Marrakech suka fitar da Aljeriya, suka yi wasan kusa da na ƙarshe a Rabat, suka ƙare a Kasablanka. Duk cikin ƙasa ɗaya kenan, jirgin ƙasa ya wadatar. A 2027 yana yiwuwa yau wasa a Nairobi, mako mai zuwa a Dar es Salaam ko Kampala, wato tsallaka iyaka. To kada ka biya masauki na wata guda tun ba a raba rukuni ba. Kai, sai ma Najeriya ta samu gurbi tukuna. Mun ga yadda Kwango ta hana mu zuwa Kofin Duniya na 2026 da bugun fenariti.

Na huɗu, kuɗi. Ka lissafa abu biyar: jirgi zuwa da dawowa, masauki, abinci, zirga-zirga tsakanin garuruwa, da tikitin fili. Sannan ka ware wani abu na ko-ta-kwana. Da dala ake auna yawancinsu, naira kuma kun san halinta. Shawarata, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi adashi, ku kama ɗaki tare. Amma don Allah kada wanda ya sayar da gona ko shanun huɗa saboda minti casa'in. An tsara gasar a tsakiyar shekara, daidai lokacin da damina ta kankama a wajenmu, don haka mai gona ya san wa zai bar wa aiki.

Na biyar, hanyar gida. Daga nan sai ka isa Gusau, sannan Kano ko Abuja kafin ka ga jirgi. Ethiopian Airlines na tashi daga Kano ya bi ta Addis Ababa. Kowa ya san yanayin hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura da ta Zurmi. Ka tashi da rana tsaka, ka ba kanka kwana ɗaya ko biyu kafin ranar jirgi, kuma ba dole ne duk Facebook ya san ranar da za ka bar gida ba.

Abu na ƙarshe, 'yan damfara. Da zarar gasa ta matso, za ku ga masu tallar "biza da tikiti da masauki" a WhatsApp, a turo rabin kuɗi. Tikiti na gaskiya ta hanyar da CAF ta sanar ake sayensa. Wasu kuma za su ce maka in ka shiga ka ɓace kawai ka nemi aiki. Bizar ɗan kallo ba ta aiki ba ce. Wanda ya wuce wa'adinsa tara ce ke jiransa, ko tsarewa da koro, kuma tambarin zai bi shi duk ofishin jakadancin da ya je nan gaba.

Don haka mai niyya ya fara da abin da ke hannunsa: wannan makon ya ciro takardar NIN ɗinsa ya duba sunansa da ranar haihuwa. Ku tura wa abokan da kuke kallo tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba mu zaman lafiya.