Muryar Tsohuwar Fiyano a Cikin Kwamfuta

A wani ɗan situdiyo da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina na tarar da fiyano ƙirar Yamaha jingine da bango, ƙurar hunturu ta lulluɓe ta, maɓallai uku sun karye. Saurayin da ke haɗa kiɗa ko kallonta bai yi ba, idonsa na kan manhajar FL Studio. Alhali sarewar nan mai zaƙi ta waƙoƙin nanaye, wadda ya wuni yana nema, a cikin fiyanon take kwance.

Ana iya kwaso muryar tsohuwar fiyano a zuba a manhaja, amma ba duka ake kwasowa ta hanya ɗaya ba.

Yamaha DX7, wadda ta fito a 1983, ba ta ajiye sauti ko ɗaya a cikinta. Da lissafi take ƙera shi, bisa dabarar da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford ta Amurka. Kowace murya jerin lambobi ce kawai, kamar a rubuta wa amarya yadda ake miyar kuka: ba miyar aka ba ta ba, awon kayan aka ba ta. Muryoyi 32 na shiga fayil guda da bai kai nauyin hoton waya ba. Manhajar Dexed, wadda kyauta ce, tana karanta waɗannan lambobin ta dafa sautin sabo. Sytrus na FL Studio ma yana karɓarsu, ko da yake kunnen gwani kan ji ɗan bambanci.

Namu fa? Fiyanon da suka raini kiɗan finafinan Hausa, dangin Yamaha PSR, sauti ne aka naɗa aka dasa a cikinsu, babu takardar awon da za a kwafa. Sai an jona waya, a danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, a naɗe kowanne, a jera su a manhaja. Aikin haƙuri ne, ya fi ƙarfin mai gaggawa. Abin da ke damuna ke nan, domin zafi da ƙura da wutar da ke zuwa da ƙarfi suna kashe fiyanon nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tafi da muryarta.

Na roƙi saurayin ya gwada tasa. Ya kakkaɓe ta da hularsa, ya jona, ta kawo wuta. Da ya taɓa sarewar, tsohon da ke sayar da goro a bakin ƙofa ya leƙo.