Injin Ɗaga Kaya A Wurin Gini: Lissafin Ganga Kafin A Kira Mai Walda

A Kubwa da Lugbe da Kuje, inda ma'aikata da dama ke gina benaye da kuɗin adashi da rancen ƙungiya, ƙaramin injin ɗaga kaya ya fara karɓar aikin leburorin da ke hawa da kwanon sarki a ka. Yawanci mai walda ne ke haɗa shi da injin lantarki, giyabos, igiyar ƙarfe da gangar da igiyar ke naɗuwa a kanta. Gangar ce aka fi yi wa awo da ido, alhali ita ke yanke ƙarfin injin da saurinsa da tsawon ran igiyar.

Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kaurin ganga ya ninka na igiya kusan sau 20. Igiya mai milimita 6 tana buƙatar ganga mai santimita 12. Idan gangar ta yi siriri, lanƙwasa za ta tsinka zaruruwan igiyar ɗaya bayan ɗaya. Idan ta yi ƙato, injin zai sha wuya, domin ƙarfin da ake buƙata wajen juya ta yana ƙaruwa daidai da kaurinta.

Irin wannan ganga tana naɗe santimita 38 a kowane zagaye. Bene mai tsayin mita 10 zai ci zagaye 27, sannan a bar uku da ba sa warwarewa don kada nauyi ya koma kan maɗaurin igiya. Zagaye 30 na buƙatar ganga mai tsawon santimita 18 zuwa 20. Idan ta gaza haka, igiya za ta hau kan 'yar'uwarta, gangar ta ƙara kauri, ƙarfin ja ya ragu daidai lokacin da kaya ya kusa kaiwa sama.

Injin da aka saba samu yana juyawa kusan sau 1,400 a minti. Giyabos mai rage gudu sau 50 zai mayar da shi 28, wato kimanin mita 10 a minti. Ɗaga buhun siminti biyu, kilo 100, a wannan saurin na buƙatar wat 175 a lissafi, amma giya na cinye kaso mai yawa, shi ya sa injin mai ƙarfin doki ɗaya ya fi ba da kwanciyar hankali.

Sauran sharuɗɗan ba na ciniki ba ne. Igiya ta iya jure ninki biyar na nauyin da za ta ɗauka. A sa burkin da ke kamawa da kansa idan aka ɗauke wuta, da makunnin da ke kashe injin idan ƙugiya ta kai ƙarshe. Ba a ɗaukar mutum da shi, ba a tsayawa ƙarƙashinsa.

Mai ginin da ke ofis a Sakatariyar Tarayya ba ya ganin aikin kullum. Kafin ya biya kuɗi, yana da haƙƙin neman a rubuta masa kaurin igiya, awon ganga da iyakar nauyi, a kuma manna iyakar a jikin injin inda kowane lebura zai gani.