Ba bairas ba ne, DLL ne ya yi ɓatan dabo

A shagunan gyaran salula da na buga takardu a Birnin Ƙonni, akwai wani saƙo da ya zame wa masu aiki ƙarfen ƙafa. An kwafo manhaja a filash daga wurin aboki, an danna ta, sai ɗan akwati ya fito da Faransanci yana cewa ba a ga VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba. Nan take a yanke hukunci: bairas ne, a goge kwamfutar a sake zuba Windows. Haka ake asarar yini guda, wani lokaci har da takardun mutane, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Manhaja ba ta zuwa da duk kayan aikinta. Kamar turmin gidan yawa ne, guda ɗaya a tsakar gida, kowace mace ta zo ta yi daka. Fayilolin DLL ke nan: umarni ne da manhajoji da yawa ke ara idan za su tashi. Wanda ya kwafi jakar manhaja daga wata kwamfuta, maimakon fayil ɗin girkawa, ya baro kayan aron a can. Inda kuɗin data ke da tsada, kwafe ya fi saukewa yawa, shi ya sa matsalar ta yi katutu.

Sunan fayil ɗin ma yana faɗin maganin. Lamba 100 na nufin Visual C++ na 2010, 120 na 2013, 140 kuwa na 2015 zuwa 2022. Microsoft na ba da waɗannan ƙunsoshin kyauta a shafinsa, da sunan Visual C++ Redistributable. Tarkon da ke kama har gwanaye shi ne manhaja mai bit 32 ƙunshin x86 take nema, ko da kwamfutar mai bit 64 ce. Idan aka cakuɗa DLL na x86 da na x64 mai bit 64, sai kuskuren 0xc000007b ya bayyana.

Abin takaici shi ne shafukan da ke raba DLL ɗai-ɗai. Ba a san hannun da fayil ɗin ya bi ba, kuma ta nan bairas na gaske kan shigo.

Tsofaffin kwamfutoci na hannu masu Windows 7 suna da tasu damuwar: Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Janairu 2020, sababbin manhajoji da yawa ba sa tashi a kansa ko me aka girka. Masu Linux kuwa fayilolinsu da .so suke ƙarewa, kuma umarnin ldd na lissafo waɗanda suka ɓata.

Mai gyaran da ke zuwa aiki Malbaza, Galmi ko ƙauyukan Illela, inda sabis kan yi rauni, gara ya ajiye ƙunshin x86 da na x64 a filash ɗinsa tun daga Ƙonni. Na 2015 zuwa 2022, su biyun a haɗe, ba su kai megabait 50 ba.