Mai Hoto A Dirin Daji: Wace Kyamara Ta Dace Da Ɗan Koyo?

Da zarar kaka ta yi, an kai dawa rumbu, sai harka ta buɗe wa masu ɗaukar hoto a Dirin Daji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Yau ɗaurin aure, gobe suna, jibi walimar sauka. Ga 'yan makaranta masu neman hoton fasfo don cike takardun jarrabawa, ga kuma bikin Uhola na Dakarkari wanda yakan tara jama'a a garin Zuru. Yawancin samarin da suka shiga wannan sana'a da wayar hannu suka fara, ko kuwa da 'yar ƙaramar kyamara ta aljihu. Amma akwai ranar da uwar amarya za ta dubi hoton da aka ɗauka da dare, ta ce ba ta gane fuskar 'yarta ba. Daga ran nan saurayi zai fara tunanin sayen babbar kyamara.

Wannan kuwa ba ƙaramar shawara ba ce. Kayan hoto duk daga waje ake shigo da su, tun kuma da aka sakar wa naira mara a kasuwar canji cikin watan Yuni na 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Wanda zai sayar da buhunan dawa ko ragon da ya yi shekara yana kiwo domin ya sayi kyamara, in ya yi kuskuren zaɓe, to, ya yi hasarar wahalar shekara guda.

Kyamarar dijital ta farko wani injiniya ne na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya haɗa ta a shekarar 1975. Nauyinta kilo 3.6 ne, takan yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya tak, baƙi da fari, a kan kaset. Sai a 2003 kamfanin Canon na Japan ya fito da EOS 300D, kyamarar da ake iya canza wa gilashin gaba, a kan kuɗin da bai kai dala 1,000 ba, har masu ƙaramin ƙarfi suka soma kai hannu. A 2008 kuma Panasonic ya fito da wani sabon samfuri marar madubi a ciki, wanda a yau manyan kamfanoni suka mai da hankali gare shi. Sabo da haka manyan masu hoto na birane suna ta sauke tsofaffin kyamarorinsu masu madubi, suna komawa sabon yayi. A nan ne ɗan koyo yake da rabo, domin waɗannan na hannu da sauran ƙarfinsu, kuɗinsu kuma ya sauko.

Tarkon farko da sabon shiga yakan faɗa shi ne na yawan megafiksel, watau miliyoyin ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Ɗan kasuwa zai yi ta kuranta kyamararsa da wannan adadi, alhali lissafin a fili yake. Hoton da aka saba wankewa, mai inci 4 da inci 6, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai yake bukata ya fita tas. Wanda ya kai faɗin takardar ofis ta A4 kuwa miliyan 9 sun ishe shi. Ashe ke nan kyamara mai miliyan 18 ko 24 ta fi ƙarfin bukatar mai hoton biki.

Abin dubawa na ainihi shi ne girman farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Na Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, tsawonsa milimita 23.5 ne, faɗinsa 15.6, alhali na yawancin wayoyi bai kai farcen ɗan yatsa ba. Faranti mai faɗi ya fi tara haske, kamar yadda babban kwano ya fi tara ruwan sama. Shi ya sa in ana hidima da dare a ƙarƙashin ƙwai ɗaya na janareta, hoton waya yakan fito da yashi-yashi, na babbar kyamara kuwa ya fito garau.

Na biyu shi ne gilashin gaba. Kyamarorin 'yan koyo sukan zo da gilashi mai lamba 18-55, wanda ba shi da laifi da rana. Amma in an zuƙo shi zuwa ƙarshe, ƙofarsa takan tsuke zuwa lamba 5.6. Akwai wani gilashin mai sauƙin kuɗi, mai milimita 50, wanda ƙofarsa ke buɗewa har lamba 1.8, yana shigar da haske kusan ninki goma. Shi ne ke fito da fuskar amarya, ya dusashe abin da ke bayanta. Sai dai a ƙaramin ɗaki ba ya iya kwashe taro, nan mai milimita 35 ya fi dacewa. Wanda ya sayi D3500 ko 'yan uwanta ya lura da tambarin AF-S ko AF-P a jikin gilashin, domin tsofaffin gilasan Nikon ba sa saita kansu a kanta, sai an murɗa da hannu.

Na uku shi ne batir, abin da mazauna birni ba su cika damuwa da shi ba. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ko a ƙauyen da ba a kai ta ba sam, wannan babbar magana ce. Kamfanin Nikon ya ƙiyasta cewa D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, Canon EOS 2000D kuwa wajen 500. Yawancin ƙananan kyamarori marasa madubi ba su kai rabin na D3500 ba. Biki kuwa ba a maimaita shi. In batir ya mutu ana tsakiyar kai amarya, ba hoton kaɗai aka rasa ba, har da sunan mai hoton.

Wanda ya yi niyyar sayen ta hannu, ko a Kano ne ko a Legas, ya tuna ba a cinikin biri a sama. Kada ya aika da kuɗi don ya ga hotonta a waya. Ya riƙe ta da hannunsa, ya nemi a nuna masa yawan hotunan da ta ɗauka, domin marufin da ke ƙiftawa a cikin irin waɗannan an yi shi ne don ƙiftawa wajen 100,000. Ya tsuke ƙofar gilashi, ya ɗauki hoton farar takarda, duk ƙurar da ke kan farantin za ta bayyana. Ya haska gilashin da tocila ko zai ga fumfuna kamar saƙar gizo. Daga ƙarshe ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar kyamarar, don gudun sayen kayan sata.

Har ila yau, kada ya zube kuɗinsa duka a kan kyamarar ita kaɗai. Ya rage na batir na biyu, da katin ajiya guda biyu, da fitilar walƙiya, da jaka mai rufi. Kula ma wani jari ne. Da hunturu ba a canza gilashi a fili, domin ƙura ta fi ɓarawo saurin shiga. Da damina kuma, tun da ƙasar Zuru tana samun ruwa sosai, a ajiye kayan inda ba laima.

Bayan duk wannan, kyamara ba ta san inda rana take ba, ba ta kuma san lokacin da tsohuwa za ta yi murmushi ba. Saurayin da ya koyi tsai da mutane a inuwa, fuskarsu na duban haske, zai ci abinci da tsohuwar kyamara, ya kuma tara kuɗin sabuwa daga aikinta.