Sabuwar Manhajar Ofis da Haruffanmu na Ajami

Kun dai ga yadda kayan aikin akawu suka sāke. Dā tawada ce da alƙalami, sa'an nan tafireta ta zo, yau kuwa sai kwamfuta da manhajar da ke cikinta. Wadda ta fi shahara ita ce Office ta kamfanin Microsoft na Amurka, mai Word na rubuta takarda, da Excel na lissafi, da PowerPoint na nuna bayani ga taro. Tana da kishiya, watau LibreOffice, wadda a kan samu kyauta, a kan kuwa fitar da sabuwarta sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da Agusta. Saboda haka kullum akwai wata sabuwa bisa hanya, masu ita suna ta yi mata kirari tun ba ta iso ba.

Kirarin nan ba na banza ba ne. Office 2024, wadda ta fito cikin Oktoba 2024, ta ba mai lissafi damar sa hoto cikin gidan jadawali kamar yadda ya ke sa lamba. Tun 2023 kuma kamfanin ya shiga haɗa manhajarsa da wani mataimaki, Copilot, mai tsara wasiƙa da taƙaita dogon rahoto. Tsofaffin kuwa yaye su a ke yi: ran 14 ga Oktoba 2025 aka daina aiko da gyara ga Office 2016 da 2019. Wanda ya zauna bisa kansu, in ɓarayin intanet suka sami kafa, ba mai toshe masa.

To, amma mu mutanen Sakkwato, daga Gidan Dahala har Ƙofar Rini, akwai tambaya guda da ta kamata mu riƙa yi wa kowace sabuwa: shin tana rubuta ajami yadda muka gada? Da waɗannan haruffa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙinta na Hausa da Fillanci. Da su aka rubuta takardu masu yawa da ke ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu. Jikokin da za su kwafe su, da kwamfuta za su kwafa.

Ga yadda abin ya ke. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai wata ƙungiya mai suna Unicode, ita ke yanka wa kowane harafi na duniya lambarsa. Na Larabci sun daɗe da samun tasu, namu kuwa sannu sannu suka shiga. A 2005 aka sa ɗigon imala na ƙarƙashin harafi, wanda ke raba "fere" da "fira". A 2016 aka sa haruffan Warshu: fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a bisa, da nun wadda ba ta ɗaukar ɗigo a ƙarshen kalma. A 2020 aka ƙara waɗansu musamman domin Hausa, cikinsu har da ƙaf mai ɗigo uku.

Lamba kaɗai ba ta isa ba, sai da zanen da zai fito da surar harafin. Ƙungiyar SIL ta yi irin wannan zane iri biyu, tana bayarwa kyauta: Harmattan, da Alkalami wanda ya bi hannun marubutan Kano. In ka aika takarda ga wanda kwamfutarsa ba ta da zanen, sai ya buɗe ya tarar da 'yan akwatuna wofi inda haruffa su ke. In wasiƙar gaisuwa ce, da sauƙi. In takardar cinikin gona ce ko ta rabon gado fa?

Saboda haka, malam ko akawu, kada ka fid da kuɗinka sai ka gwada abu uku. Da fari, rubuta layi ɗaya mai ɓa da tsa da imala, ka duba ko wasulla sun zauna mazauninsu. Na biyu, buɗe tsohuwar takardarka cikin sabuwar manhajar, ka ga ko ta fito daidai daga dama zuwa hagu. Na uku, ajiye ta a matsayin PDF, domin shi ya kan tafi da zanen haruffa a jikinsa, sa'an nan ka buɗe ta a kwamfutar wani.

In ta ci waɗannan uku, sai ka saya. In ta kāsa, ka rubuta wa masu ita ka faɗi harafin da ya ƙi, gama waɗanda suka shiga a 2016 da 2020 ma sai da waɗansu suka kai hujja a rubuce kāna aka karɓa.