Idan Robar Mahaifa Ta Fita

Jama'a, mun san robar mahaifa. 'Yar aba ce da malamar asibiti kan sa wa mace don ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Mai jan ƙarfe takan yi shekara 10 tana aiki, muddin tana zaune a wurinta.

Amma wani lokaci takan zame ta fita, mace ba ta sani ba. An fi samun haka a watannin farko, musamman lokacin al'ada. Ran da ta fita, ran nan tsari ya ƙare. Ciki yana iya shiga ko a wannan wata.

To, yaya za mu gane? Robar tana da zare siriri. Bayan kowace al'ada, mace ta wanke hannu ta laluba. In ba ta ji zaren ba, ko ya ƙara tsawo, ko ta ji tsinin robar, sai asibiti. Kada ta ja, kada ta tura. Kafin a duba ta, maigida ya haƙura, ko ya sa kwaroron roba.

In al'ada ta ƙi zuwa, ko mara tana ciwo, mu kai ta ran nan, kada a kwana.